'Yancin Addini a Duniya: Wane Ne Mara Rinjaye, Wa Kuma Ke Kare Shi?

Tun daga ƙarshen watan Oktoban 2025, lokacin da shugaban Amurka Donald Trump ya sake sanya Najeriya cikin jerin ƙasashen da Amurka ke zargi da tauye haƙƙin addini, maganar 'yancin addini ta shiga bakin kowa, daga gidajen rediyo har majalisar masu shayi. Sai dai da yawa daga cikin masu musun ba a kan abu ɗaya suke magana ba. Wani ya ɗauka 'yancin addini na nufin a yarda duk addinai daidai suke. Wani yana ganin lasisi ne na zagin abin da mutane suke girmamawa. Wani kuma ya tattara batun gaba ɗaya ya ce makircin Turawa ne. Kowanne daga cikin waɗannan yana da inda ya samo asali, amma babu wanda ya kama ainihin maganar.

Me ake nufi da kalmomin

'Yancin addini, a ma'anarsa ta doka, haƙƙi ne na mutum a kan hukuma da kuma a kan sauran jama'a: ya yi imani da abin da zuciyarsa ta natsu da shi, ya yi ibadarsa shi kaɗai ko cikin jama'a, ya koyar da 'ya'yansa, ba tare da an ɗaure shi, an kore shi daga aiki, ko an ƙone masa gida saboda haka ba. Haƙƙin bai ce aƙidar mutumin gaskiya ce ba. Malami yana iya hawa mumbari ya ce aƙida kaza ɓata ce, fasto ma ya faɗi tasa a coci, kuma wannan faɗin ma yana cikin 'yancin. Abin da aka hana shi ne a mayar da saɓanin aƙida ya zama hukuncin sanda.

Masana doka sun raba haƙƙin gida biyu. Akwai abin da ke cikin zuciya, wanda babu gwamnatin da ke da ikon taɓa shi ko da a lokacin dokar ta-ɓaci. Akwai kuma bayyana addini a fili, kamar wa'azi, tufafi, jerin gwano da gina wurin ibada, wanda hukuma za ta iya yi wa iyaka, amma da sharuɗɗa: sai da doka rubutacciya, kuma sai don kare lafiya, zaman lafiya, tarbiyya ko haƙƙin wasu. Yawancin rigingimun duniya a wannan gida na biyu suke.

Marasa rinjaye, ko tsiraru, su ne mabiya addinin da ba su da yawa ko ba su da iko a inda suke zaune. Wannan matsayi ba na wani addini ba ne shi kaɗai, wuri ne ke ba da shi. Musulmin Indiya sun fi mutanen yawancin ƙasashen Musulmi yawa, amma ƙidayar 2011 ta nuna kashi 14 cikin ɗari ne kawai na ƙasar. Kirista shi ne mai rinjaye a Faransa, tsiraru ne a Masar da Pakistan. Mabiyin addinin Hindu da ke da gwamnati a Delhi, a Bangladesh shi ne mai ɗar-ɗar. Bahaushe Musulmi mai rinjaye ne a Kano da Damagaram, amma a zangon Kumasi ko kasuwar Onitsha labarin daban ne.

Akwai kuma bambanci tsakanin takurar hukuma da tsangwamar jama'a. Cibiyar bincike ta Pew a Amurka, wadda ke bibiyar ƙasashe da yankuna 198 tun daga 2007, tana auna su daban-daban, kuma tana da hujja. A Sin gwamnati ce mai matsi. A wasu ƙasashen kuwa dokar da ke takarda ba ta da laifi, gungun matasa ne ke yanke hukunci a titi, hukuma ta kau da kai.

Inda dokar ta samo asali

Masu cewa batun na Turawa ne zalla sun manta cewa Turai ta zo gare shi ne a makare, bayan ta sha jini. A 1492 Sifaniya ta kori Yahudawa, Daular Usmaniyya ƙarƙashin Sarki Bayazid na Biyu ta karɓi da yawansu. A 1609 aka fara korar jikokin Musulmin Andalus, duk da cewa an riga an tilasta musu shiga Kiristanci. Yaƙin shekara talatin tsakanin Katolika da Furotesta bai ƙare ba sai a 1648. Cocin Katolika kanta sai a 1965 ta fito fili ta amince da 'yancin addini a matsayin haƙƙin kowane ɗan Adam.

A tarihin Musulunci an san hijirar farko zuwa Habasha, inda sarki Kirista, Najjashi, ya ƙi miƙa Musulmi ga Ƙuraishawa. An san Sahifar Madina, da tsarin zimma, wato amanar da daular Musulunci ke bai wa waɗanda ba Musulmi ba, su biya jiziya a kare musu rai da dukiya da wuraren ibada. A ƙasar Hausa da wannan tsari Maguzawa suka zauna a masarautu bayan jihadi. Idan aka gwada shi da abin da ake yi a Turai a wancan zamani, tsarin ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Amma kariya ce daga mai mulki zuwa wanda ake mulka, ba daidaiton 'yan ƙasa ba, kuma wannan ne ya sa malamai irin su Shaikh Abdullahi bin Bayyah suka taru a Marrakesh a watan Janairun 2016, suka yi kira da a gina haƙƙin tsiraru a ƙasashen Musulmi a kan zama ɗan ƙasa, suna kafa hujja da Sahifar Madina.

Dokar zamani ta fara ne ranar 10 ga Disamba 1948, da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da Kundin Haƙƙin Ɗan Adam a Paris. Sashe na 18 ne ya yi maganar addini, har da 'yancin sauya shi. Ƙasashe 48 suka amince, takwas suka ƙaurace, cikinsu har da Saudiyya, wadda wannan magana ta sauya addini na cikin dalilanta. Masar, Iran, Iraki, Turkiyya da Pakistan kuwa sun jefa ƙuri'ar amincewa. A 1966 aka mayar da abin yarjejeniya mai ɗaure ƙasashen da suka sa hannu, Nijar ta shiga a 1986, Najeriya a 1993. Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ɗauko kusan wannan ma'ana a sashe na 38, sashe na 10 kuma ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin na hukuma.

Yadda ake murƙushe tsiraru

Kafin a kai ga wuta da adda, da takarda ake farawa. Rohingya na ƙasar Myanmar su ne misalin da ya fi fitowa fili. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1982 ta bar su a waje, aka wayi gari mutanen da kakanninsu suka rayu a jihar Rakhine sun zama baƙi a gidajensu. Daga nan sai neman izini kafin tafiya wani gari, sai izini kafin aure. A ƙidayar 2014 an hana su rubuta sunan ƙabilarsu. A 2015 aka soke katin wucin gadi da suke zaɓe da shi. Cikin waɗannan shekaru wasu limaman addinin Buda, irin su Wirathu, suna ta wa'azin ƙiyayya, ana yaɗawa a Facebook, kuma kamfanin da kansa ya amsa a 2018 cewa bai yi abin da ya kamata ba wajen tsayar da abin. Da soja suka afka wa ƙauyukansu a watan Agustan 2017, bayan harin da wata ƙungiyar 'yan bindigar Rohingya ta kai wa ofisoshin 'yan sanda, mutum fiye da 700,000 suka tsallaka Bangladesh, wasu a kwale-kwale ta kogin Naf, wasu a ƙafa da tsofaffinsu a cikin kwanduna. Ƙasar da ta kai ƙarar kisan ƙare dangi gaban Kotun Duniya a Hague a watan Nuwamban 2019 ba babbar daula ba ce. Gambiya ce, da goyon bayan Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi.

A Sin salon daban ne. Gwamnati ta amince da addinai biyar, kowanne ƙarƙashin hukumar da jam'iyya ke sa wa ido. A yankin Shinjan, tun daga 2017, masu bincike sun ƙiyasta an tsare kimanin mutum miliyan ɗaya, yawancinsu Musulmin Uigur. Beijing ta ce cibiyoyin koyon sana'a ne da yaƙi da ta'addanci. Rahoton ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya na 31 ga Agusta 2022 ya ce abin da aka yi zai iya kaiwa laifin cin zarafin bil'adama. Kiristocin da ke ibada a gidaje ba rajista da mabiya Buda na Tibet su ma suna ɗanɗana tasu.

A Indiya, rushe masallacin Babri ranar 6 ga Disamba 1992, rikicin Gujarat na 2002 da ya ci rayuka fiye da dubu, da dokar 2019 da ta sauƙaƙa zama ɗan ƙasa ga baƙi mabiya addinai shida daga Pakistan, Afganistan da Bangladesh amma ta tsallake Musulmi, duk sun nuna inda aka dosa. Dokokin hana sauya addini na wasu jihohin ƙasar kuma fastoci da Musulmi suke kamawa.

Waɗannan labarai ba su da wuyar ji a kunnen Musulmi. Masu wuyar su ne na ƙasashen da Musulmi ke da rinjaye, kuma sharhin da ya tsallake su bai yi adalci ba. A watan Yulin 2014 mayaƙan ƙungiyar IS suka riƙa shafa harafin nun a ƙofofin gidajen Kiristocin Mosul a Iraki, suka ba su wa'adi. Wata guda bayan haka suka afka wa Yazidawa a Sinjar, suka kashe maza, suka sayar da mata. A Iran tsarin mulki ya amince da Kirista, Yahudawa da Majusawa, bai amince da Baha'i ba, an kashe fiye da 200 daga cikinsu bayan juyin 1979, har yau kuma ana toshe wa 'ya'yansu ƙofar jami'a. A Saudiyya akwai ma'aikata baƙi Kirista masu yawa, babu coci ko ɗaya a fili.

Batun Ahmadiyya a Pakistan shi ne ya fi gwada fahimtar mutum game da wannan haƙƙi. Jumhurin malaman Musulunci, Sunna da Shi'a, sun tafi a kan cewa aƙidarsu ta saɓa wa cikar annabci, kuma ba wata dokar duniya da za ta tilasta wa malami ya janye wannan fatawa. Amma Pakistan ta ɗauki fatawar ta sa a kundin tsarin mulki a 1974, sannan a 1984 gwamnatin Janar Ziya'ul Haƙ ta kafa dokar da za ta iya ɗaure Ba'ahmadiye shekara uku idan ya kira wurin ibadarsa masallaci ko ya kira salla. A watan Mayun 2010 'yan bindiga suka kashe fiye da mutum 80 a wuraren ibadarsu biyu a Lahore. Muhammad Zafrullah Khan, ministan harkokin wajen Pakistan na farko, wanda ya kare sashe na 18 a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya a 1948, ɗan wannan jama'a ne. Mutum yana iya riƙe aƙidarsa cewa sun ɓata, ya kuma ƙi yarda a harbe su suna ibada. Riƙe waɗannan biyun tare shi ne abin da 'yancin addini ke nema, ba fiye da haka ba.

Turai ma ba ta fita ba. Faransa tana da tsarin da take kira layisite, wato raba addini da hukuma, tun dokar 1905. Asalinsa don rage ƙarfin coci ne, amma nauyinsa a yau kan mata Musulmi ya fi sauka: hana ɗankwali a makarantun gwamnati a 2004, hana niƙabi a 2010, hana abaya a makarantu a 2023. Kotun haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta goyi bayan dokar niƙabi a 2014, kwamitin haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ya ce a 2018 dokar ta tauye haƙƙi. Siwizalan ta hana gina hasumiyar masallaci da ƙuri'ar raba gardama a 2009, alhali hasumiya huɗu ce kacal a duk ƙasar. Rasha ta haramta Shaidun Jehobah a 2017. Ba daidai ba ne a haɗa hana abaya da ƙone ƙauye a ma'auni ɗaya, amma duka biyun daga tunani ɗaya suke tsirowa, cewa mara rinjaye baƙo ne da ake haƙuri da shi.

Dalilan da ke ƙasa

Ba kasafai aƙida ita kaɗai ke haddasa wannan ba. Babban dalili shi ne haɗa addini da kishin ƙasa, a ce ɗan Myanmar na gaskiya mabiyin Buda ne, ɗan Indiya na gaskiya Hindu ne, wanda ya saɓa kuwa ɗan leƙen asirin waje ne. Na biyu tsoron gwamnatocin kama-karya ga duk wani taro da ba su ne suka kira shi ba. Eritiriya tun 2002 ƙungiyoyin addini huɗu kawai ta yarda da su, kuma ta tsare shugaban cocin Otodoks kansa shekaru da yawa. Na uku rushewar hukuma, kamar Iraki bayan mamayar 2003 da Afirka ta Tsakiya a 2013 da 2014, inda ta'asar 'yan tawayen Seleka ta jawo ramuwar mayaƙan Anti-balaka a kan Musulmi farar hula, dubban 'yan kasuwa da makiyaya, har da Hausawa da Fulani, suka tsere Chadi da Kamaru. Sai kuma kwaɗayi: gona, rumfar kasuwa, kujerar siyasa. Kotun Ƙolin Pakistan da ta wanke Asiya Bibi, Kirista da aka zarga da ɓatanci, a 2018, bayan shekara takwas da yanke mata hukuncin kisa, ta sami shaidun cike da tufka da warwara, kuma maganar ta faro ne daga cacar baki a kan ruwan sha a gona.

Inda ra'ayoyi suka rabu

Saɓani biyu ne na gaske. Na farko ridda, wato fita daga Musulunci. Dokar duniya ta ɗauki sauya addini haƙƙi. Fiƙihun mazhabobi ya tanadi hukunci a kansa, ko da yake wasu malaman zamani suna fassara hukuncin da cin amanar al'umma a lokacin yaƙi, suna kafa hujja da aya ta 256 a Suratul Baƙara. Sudan, wadda ta rataye Mahmud Muhammad Taha a 1985, ta soke hukuncin ridda a 2020.

Na biyu ɓatanci. Daga 1999 ƙasashen Musulmi suka yi ta gabatar da ƙudurin hana ɓata sunan addinai a Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙasashen Yamma suna cewa mutum doka ke karewa, ba aƙida ba. A 2011 aka haɗu a tsakiya da ƙuduri mai lamba 16/18, wanda ya mayar da hankali kan hana tunzura jama'a a kan mabiya addini. Ƙona Alƙur'ani a Suwidin a 2023 ya sake tayar da ƙurar, har Denmark ta kafa dokar hana wulaƙanta littattafai masu tsarki a watan Disamba na shekarar. Ana iya ci gaba da wannan muhawara. Abin da babu mazhaba ko dokar da ta halatta shi ne taron jama'a su zama su ne mai ƙara, alƙali da hauni, kamar yadda aka kashe Deborah Samuel bisa zargin ɓatanci a Sakkwato a watan Mayun 2022.

Zargin fuska biyu da ake yi wa Amurka kuwa yana da ƙamshin gaskiya, sai dai ya shafi kowa. Dokar Amurka ta 1998 ce ta kafa jerin da ake kira CPC, wato ƙasashen da ake da damuwa ta musamman a kansu. Saudiyya tana cikinsa tun 2004, amma ana yafe mata takunkumi. Hukumar da ke ba gwamnatin Amurka shawara ta yi ta neman a sa Indiya tun daga 2020, shekara bayan shekara ma'aikatar harkokin waje tana ƙin yi. An fara sa Najeriya a jerin a Disamban 2020, aka cire ta a Nuwamban 2021, kwanaki kaɗan kafin sakataren harkokin waje Antony Blinken ya sauka Abuja. A ɗaya ɓangaren, a watan Oktoban 2022, da aka nemi Majalisar Kare Haƙƙin Ɗan Adam a Janeba ta zauna ta tattauna rahoton Shinjan kawai, ƙudurin ya faɗi da ƙuri'a 19 da 17, kuma Pakistan, Indonesiya, Ƙatar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suna cikin masu cewa a'a. Laifi tudu ne. Amma son zuciyar mai tsara jerin ba ya tayar da wanda aka kashe.

Inda abin ya taɓa mu

A Najeriya kowane ɓangare yana riƙe da jerin matattunsa. Kirista zai ambaci cocin Madalla a Kirsimetin 2011, cocin Owo a Yunin 2022, Yelwata ta Binuwai a Yunin 2025. Musulmi zai ambaci babban masallacin Kano a Nuwamban 2014, matafiyan da aka tare a hanyar Rukuba a Jos a Agustan 2021, da ƙauyukan Zamfara da Katsina da ba a ma iya ƙirgawa. 'Yan Shi'a za su ambaci Zariya a Disamban 2015, inda hukumar binciken da gwamnatin Kaduna ta kafa ta ji shaidar binne gawa 347 a kabari ɗaya. Duk jerin gaskiya ne. Gwamnati ta yi daidai da ta ce 'yan ta'adda ba sa tambayar addini kafin su kashe a wurare da yawa, amma wannan amsa ba ta share koken Kiristan arewa da ke shekaru yana neman takardar filin coci ba, ko na ɗaliba Musulma a Legas da sai da aka kai Kotun Ƙoli a 2022 kafin a tabbatar mata da hijabinta. Abin da ya haɗa dukkan waɗannan shi ne ƙarancin hukunci: ana kashewa, a kafa kwamiti, a watse.

Akwai kuma waɗanda suka nuna wata hanya. A watan Yunin 2018 Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a Barikin Ladi ya ɓoye Kirista fiye da 200 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa yana roƙon maharan. A Bangui ta Afirka ta Tsakiya, Akbishop Nzapalainga ya ba Liman Kobine Layama masauki a gidansa lokacin da ake farautar Musulmi.

Abin da kan biyo baya

Sakamako na farko ƙaura ce da ba ta da dawowa. Kiristocin Iraki sun haura miliyan ɗaya kafin 2003, yau 'yan dubu ɗaruruwa ne suka rage. Rohingya fiye da miliyan ɗaya suna zaune a bukkokin gora da leda a Cox's Bazar ta Bangladesh, yaran da aka haifa a can a 2017 sun isa shiga makaranta ba su da ƙasa. Matsin lamba daga waje, irin takunkumi ko hana biza, yakan sa gwamnati ta motsa, amma idan aka gabatar da shi a matsayin ceton addini ɗaya, yakan sa maƙwabta su fara kallon tsirarun a matsayin 'yan koren baƙi, wanda shi ne zargin da tun farko ake halaka su da shi.

Na biyu ramuwar gayya mai tsallake iyaka, wadda kusan kullum kan wanda bai ji ba bai gani ba take faɗawa. A Janairun 2015 wata mujalla ta yi zanen ɓatanci a Paris, aka ƙone coci-coci da dama a Damagaram da Yamai, mutum goma suka mutu, dukkansu a Nijar. A Fabrairun 2006 zanga-zangar zanen ɓatancin wata jaridar Denmark ta rikiɗe a Maiduguri, aka kashe Kirista, aka ƙone coci-coci. Da labari da gawarwaki suka isa kudu, matasa a Onitsha suka far wa Hausawa 'yan kasuwa da 'yan ci-rani, suka ƙone masallatai, waɗanda suka tsira suka fake a barikin soja ko suka tsallaka gadar Neja zuwa Asaba.